Ciwon bugun zuciya na gado: yadda ake gane shi da yadda ake zama da shi



A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wani ciwo da ba a cika jin sunansa ba, amma idan ya shiga gida yakan girgiza shi. Akan samu zuri'ar da saurayi lafiyayye zai yanke jiki ya faɗi yana cikin noma ko ƙwallo, kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Bayan ƴan shekaru ƙanwarsa ta kwanta lafiya lau, da safe a tarar ta cika. Idan aka tuna baya, sai a ga an taɓa rasa wani kawu a tafki alhali ya iya ruwa. A irin wannan gida nan da nan zargi yake tashi: a ce maita ce, ko sammu, ko kuma uwar yaran ce mai farar ƙafa. Rai na Allah ne, ajali kuma ba ya wuce lokacinsa. Amma Allah ya hore wa likitoci sanin sababin wasu daga cikin waɗannan mace-mace, da hanyar kare waɗanda suka saura.

Yadda zuciya take bugawa

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, wato kusan sau 100.000 a kwana guda. Wata ƴar ƙaramar wutar lantarki ce da zuciya take haifarwa da kanta take ba da umarnin kowane bugu. Ku dubi mata masu lugude a turmi ɗaya: muddin kowace taɓarya tana sauka a kan lokacinta, daka yana tafiya. Da zarar ɗaya ta riga ko ta makara, sai taɓare su haɗu, aiki ya tsaya. Haka zuciyar mai wannan ciwo take. Namanta lafiyayye ne, tsarin bugun ne yake da rauni. Wata rana sai ta rikice, ta riƙa karkarwa da sauri ba tare da tura jini ba. Jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, mutum ya suma. Idan bugun ya daidaita da kansa, ya farfaɗo. Idan bai daidaita ba, cikin ƴan mintoci a rasa shi.

Wannan ciwo dabam yake da hawan jini, dabam kuma da ciwon zuciyar da ke kumbura ƙafafun masu jego. Mai shi ba ya rama, ba ya kumburi, shi ya sa ake shan mamaki.

Ire-irensa

A shekarar 1957, a ƙasar Norwe, likitoci biyu, Jervell da Lange-Nielsen, suka ba da labarin wani gida mai yara shida. Huɗu daga cikinsu kurame ne tun haihuwa, suna yawan suma, uku suka rasu farat ɗaya suna ƙanana. A 1963 da 1964 wasu likitoci, Romano a Italiya da Ward a Ayalan, suka gano irin wannan ciwo ga yara masu ji sarai. Yau ana kiransa ciwon dogon QT, domin a takardar awon zuciya tazarar da ke tsakanin alamar Q da alamar T takan yi tsawo: zuciya tana jinkirin shiryawa kafin bugu na gaba. An ƙiyasta mutum 1 cikin 2000 yana ɗauke da shi.

Akwai kuma ciwon Brugada, wanda wasu likitoci ƴan ƙasar Sifen, wa da ƙane, suka bayyana a 1992. Ya fi kama maza magidanta, kuma ya fi tashi da dare cikin barci, ko lokacin zazzaɓi. A ƙasashen Tailan da Filifin mutane sun daɗe suna danganta irin wannan mutuwar barci da iskoki kafin likitoci su gano tushenta.

Yadda ake gadonsa

Ba a ɗaukar wannan ciwo ta abinci, ko numfashi, ko taɓa mai shi. Gadonsa ake yi, kamar yadda ake gadon tsawo ko launin fata. A mafi yawan lokuta, idan uba ko uwa na ɗauke da shi, kowane ɗa da za su haifa, namiji ko mace, rabi da rabi ne: ko ya gada ko ya tsira. Mutum yana iya ɗauke da shi har ya tsufa bai taɓa suma ba, amma ya bar wa ɗansa. Saboda haka ba a gane daga wane ɓangare ya fito sai da awo.

Nau'in da ke zuwa da kurunta kuwa sai ɗa ya gada daga uwa da uba duka biyu, kuma a kowane ciki kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ya fi bayyana inda ake yawan auren zumunci. A lura: yawancin kuramen da muke gani, sanƙarau ko wata cuta ce ta taɓa musu kunne. Amma yaron da aka haifa kurma, kuma yana suma, lalle a auna zuciyarsa.

Alamomin da ba a yi wa sakaci

Ba kowace suma ce ta zuciya ba. Yunwa da zafin rana da doguwar tsayuwa duk suna sumar da mutum, kuma yakan ji jiri da zufa tukuna. Wadda ake tsoro ita ce:

1. Sumar da ta zo ana cikin gudu, kokawa, ƙwallo ko iyo.
2. Sumar da ta biyo bayan firgita, fushi mai tsanani, ko ƙara ta ba-zata.
3. Faɗuwa ba gargaɗi, wani lokaci da shure-shure, har a zaci farfaɗiya ce, amma maganin farfaɗiya bai tsai da ita ba.
4. Numfashi mai kama da kakarin mutuwa cikin barci.
5. Mutuwar farat ɗaya ta wani ɗan'uwa na jini da bai kai shekara 40 ba, ko nutsewar wanda ya iya ruwa.

Abin da ya kamata gida ya yi

A nan karatunmu zai yi mana rana. Wanda ya iya rubutu ya ɗauki littafi ya zauna da tsofaffin gida. Ya rubuta sunan duk wanda ya taɓa suma ko ya rasu farat ɗaya, da shekarunsa, da abin da yake yi a lokacin, daga ɓangaren uwa da na uba. Wannan takarda babbar shaida ce ga likita.

Sa'an nan a je gidan likita mafi kusa a nemi takardar zuwa babban asibiti inda ake awon zuciya da na'urar da ake kira ECG. Ana manna wayoyi goma a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana bugun a takarda. Ba allura, ba zafi, kuma ƴan mintoci ne. Idan an samu ciwon ga mutum ɗaya, a auna iyayensa da ƴaƴansa da waɗanda suke uwa ɗaya ko uba ɗaya da shi, ko da suna ganin ƙalau suke. Awo ɗaya ba ya nuna ciwon kullum. Idan likita ya ce a komo, a koma.

Zama da ciwon

Ba a raba mutum da abin da ya gada, amma ana tsare shi daga sharrinsa. Da yawa daga masu shi suna noma, suna aure, suna haihuwa, suna tsufa.

Ga mai dogon QT akwai ƙwayoyi masu kwantar da bugun zuciya, irin su furofaranolol. Ana shan su kullum, ba fashi, kuma tsai da su kwatsam haɗari ne. A sayo wani kafin na hannu ya ƙare. Mace mai ciki ko mai jego kada ta bari sai da izinin likita, domin watannin bayan haihuwa lokaci ne na haɗari gare ta. Wanda ciwonsa ya tsananta akan dasa masa ƴar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji wadda take mai da bugun daidai. Tun 1980 aka fara wannan aiki a Amurka, sai dai yana da tsada.

A kiyayi magungunan masu talla a faranti da na cikin kasuwa. Wasu magungunan zazzaɓin sauro, kamar kinin da kulorokin, da wasu na kashe ƙwayoyin cuta, kamar eritoromisin da sifurofuloksasin, suna ƙara rikita irin wannan zuciya. Zazzaɓin sauro dole a yi maganinsa, amma likita ne zai zaɓa. Mai ciwon ya riƙa yawo da ƴar takarda a aljihu mai sunan ciwonsa da maganinsa, ya nuna ta duk inda za a ba shi magani.

Zawo da amai suna zubar da wani gishirin jiki mai suna fotasiyam, wanda zuciya take bukata. A sha ruwan ƙunshin SRO, a garzaya gidan likita. Wake da dabino da ayaba da dankali da tumatir suna ɗauke da wannan gishiri. Kanwa ba ta maye gurbinsa. Mai ciwon Brugada ya sauke zazzaɓi da farasitamol tun da wuri.

Kada mai ciwon ya shiga tafki ko gulbi shi kaɗai, kada ya sauka rijiya, kada ya hau giginya ko dabino. Ya yi noma da sanyin safiya da na maraice, ya yawaita shan ruwa. Kada a tashe shi barci da tsawa, kuma a nisanta ƙarar tarho daga kansa.

Idan ya faɗi

A kira sunansa, a duba numfashinsa. Idan ba ya numfashi, ko kakari kawai yake yi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a bisa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, sau 100 zuwa 120 a minti. Ga yaro hannu ɗaya ya isa. In wannan ya gaji, wani ya karɓa, wani kuma ya ruga neman likita da mota. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a tsaya turara hayaƙi. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti a ranar.

Haƙƙin dangi da maƙwabta

Gidan da ya binne matashi yana ɗauke da baƙin ciki da tsoron wanda zai biyo baya. Kada mu ƙara masa da zargi. Ba wanda ya zaɓi abin da zai gadar wa ɗansa, saboda haka sakin uwar yara ko jifan wata tsohuwa da maita zalunci ne, kuma ba ya kare kowa. Kada a fid da yaro daga makaranta. A sanar da malaminsa, a ɗauke masa tsere da horo mai wahala. Idan maganar aure ta taso, a faɗi gaskiya, a nemi shawarar likita, musamman in na zumunci ne. Kuɗin mota da na awo suna da nauyi ga mutum ɗaya, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya: dangi su yi karo-karo, ƙungiyoyin adashi su taimaka.

Muna roƙon malaman karatun manya su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, su kuma gwada dannar ƙirji a kan buhun gero, ba a kan mutum ba, har kowa ya iya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.