Daga Sadaka Zuwa Haƙƙi: Dokar Nakasassu a Ƙasar Rano da Kibiya



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne nisan da gwamnati ta kai wajen zartar da dokar kare haƙƙin nakasassu, da kuma inda ya kamata a auna wannan nisa.

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da tsarinsa game da nakasa. A fadojinmu akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowannensu yana sasanta jama'arsa, yana kai kukansu gaban sarki. Wannan tsari ya ba su murya, amma ginshiƙinsa sadaka ce. Ita kuwa sadaka, in an bayar a gode, in an hana ba a kai ƙara. Sabon abin da doka ta zo da shi ke nan: ta mai da abin da a da ake roƙo ya zama haƙƙin da ake iya nema a gaban alƙali.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Mutumin da ya nuna bambanci zai biya tarar ₦100,000, ko ya sha ɗaurin wata 6, ko duka biyun; kamfani kuwa ₦1,000,000. Dokar ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma haramta yawo da su don neman bara. An ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin ya cika a Janairu na 2024. A 2020 aka kafa Hukumar Nakasassu ta Ƙasa a Abuja. Jihar Kano ma ta yi tata dokar a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta tanadi kayan taimako ga makafi da masu raunin gani a rumfar zaɓe. Duk wannan ci gaba ne, ba mai musun haka.

To, amma ina gurgun Rurum ko makahon Tarai yake haɗuwa da hukuma? Ba a Abuja ba ne. A makarantar firamare ne, da ɗakin shan magani, da kasuwa, da tashar mota. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora kasuwanni da tashoshin mota da gidajen kula da gajiyayyu a wuyan ƙaramar hukuma, ya kuma sa ta cikin tafiyar da firamare da kiwon lafiya. Ashe ke nan dokar da aka rubuta a Abuja, a sakatariyar Rano da ta Kibiya ne za ta rayu ko ta mutu. A Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, saboda haka nauyin ya ƙara sauka a kansu.

Mu dubi ilimi. Makarantar Tudun Maliki ta makafi da kurame a birnin Kano take. Manomin da ke da ɗa kurma a ƙauyen Kibiya, ko dai ya rabu da yaron tun yana ƙarami, ko ya bar shi gida ba karatu. Ilimi kyauta ba ya amfanar yaron da malaminsa bai san maganar hannu ba. Alhali kuwa Jami'ar Bayero tana da sashen da ke horar da irin waɗannan malamai. Abin da ya rage shi ne a ɗauke su aiki, a tura su karkara.

A ganina abu uku ne mafari. Na farko, a yi ƙidaya gunduma-gunduma, domin wanda ba a ƙirga ba, ba ya shiga kasafin kuɗi. A nan Masarautar Rano, wadda tun 2024 ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida, ga kuma sarakunan nakasassu. Na biyu, kada a biya ɗan kwangila kuɗin aji ko asibiti sai ya yi gangaren shiga mai laushin hawa da ƙofa mai faɗi, don yin haka tun daga tushe ya fi rushewa a gyara araha. Na uku, a mai da dokar cikin Hausa, a karanta ta a rediyo da masallatai, domin wanda bai san haƙƙinsa ba, ba zai neme shi ba.

Ranar da yarinya gurguwa ta shiga aji a Kibiya ba wanda ya ɗauke ta, ranar ce za mu ce doka ta iso.

Allah ya sa mu dace.