Aikin Lambobin Cuta: Me Ake Koya, Kuma Ina Ake Samun Aikin?

Yau zan yi magana kan sana'ar da tallanta ya cika intanet, wato medikal kodin. Ana cewa ka yi kwas na 'yan watanni, ka zauna a ɗaki kana karɓar dala. To, bari mu warware zare da abawa.

Menene aikin? Likita ya duba mara lafiya ya yi rubutu a fayil. Kai kuma ka karanta, ka mayar da cutar zuwa lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke da kundin lambobin, ana kiransa ICD. A ICD-10, hawan jini I10 ne, ciwon suga nau'i na biyu E11, sikila D57. Sabon kundin, ICD-11, ya fara aiki a Janairun 2022. Da waɗannan lambobi kamfanin inshora yake biyan asibiti, da su gwamnati take ƙidayar cututtuka. Lamba ɗaya ta kuskure, sai a ƙi biyan kuɗi, ko a liƙa wa mutum ciwon da ba shi da shi.

Shi ya sa karatun ba haddar lamba ba ne kawai. Za ka koyi sassan jikin ɗan Adam da kalmomin likitanci, sannan aikin ofis: buɗe fayil, tsara ranar ganin likita, cike takardar neman biya, da riƙe sirrin mara lafiya.

Yanzu ku saurara da kyau, hanya biyu ce.

Ta farko ta Amurka ce. Can suna amfani da ICD-10-CM tun Oktoban 2015, da lambobin CPT na ayyukan da likita ya yi. Takardar da ta fi shahara ita ce CPC, ta ƙungiyar AAPC. Tambaya 100 ce cikin awa 4, kuma sai ka ci kashi 70. Ko ka ci, CPC-A za a rubuta maka, wato ɗan koyo, har sai ka tara gogewa. Masu ba da aikin gida kuwa mai gogewar suke nema, kuma dokar sirrin marasa lafiya ta HIPAA tana sa su taka-tsantsan kan wanda zai ga fayil.

Ta biyu ta gida Najeriya ce: ka shiga makarantar koyon adana bayanan lafiya, irin ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka yi ND, ka ɗora da HND, ka yi rajista da hukumar HRORBN. Aikin yana sashen rekod na asibitoci da kamfanonin inshorar lafiya. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma duk inda inshora ta shiga, sai an nemi mai cike takardar biya daidai.

Shawarata, kafin ka tura ko sisi, tambayi mai kwas ɗin: wace takarda zan samu, wace hukuma ta san da ita, kuma a wace ƙasa take aiki? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.