Gudun Fanfalaki Da Tarbiyyar Matasa: Darasi Daga Kenya Zuwa Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya san cikin birnin Kano ya san Ƙofar Ruwa da kasuwar ƙarafa, inda matasa majiya ƙarfi ke wuni suna lodin rodi da turin kura. Haka kuma ya san unguwannin da ke kewaye da Dutsen Dala suna cikin waɗanda faɗan daba, shaye-shaye da ƙwacen waya suka daɗe suna addaba. Ƙarfi dai ga shi nan jibge, sai dai ba a sama masa magudana ba. Wannan ne ya sa ya dace mu dubi yadda wasu 'yan tsere a gabashin Afirka suka koma garuruwansu suka tallafi na baya.

Tegla Loroupe 'yar ƙabilar Pokot ce a ƙasar Kenya, yankin da satar shanu da ramuwar gayya suka ci rayuka masu yawa. Tun tana yarinya da gudu take zuwa makaranta, ba takalmi a ƙafarta. A 1994 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta lashe gudun fanfalaki na birnin New York a Amurka, sannan ta kafa tarihin duniya a 1998, ta sake karya shi a 1999. Da ta samu suna da dukiya, sai ta kafa gidauniyar zaman lafiya a 2003, ta shiga shirya tseren kilomita 10 a garin Kapenguria. A nan ake haɗa samarin Pokot da Turkana da Marakwet, waɗanda a da ba sa ga maciji da juna, su yi gudu kafaɗa da kafaɗa, har wasunsu suka ajiye bindiga. Ta kuma gina makaranta domin yaran da rikicin ya mayar marayu. A gasar Olamfik ta 2016 ita ta jagoranci tawagar 'yan gudun hijira mai mutum 10, biyar daga cikinsu 'yan Sudan ta Kudu ne da suka samu horo a sansaninta.

Kafin ita akwai Kipchoge Keino, wanda ya ci zinare a Olamfik a 1968 da 1972. Shi da maiɗakinsa sun mai da gonarsu da ke kusa da Eldoret gidan marayu, daga baya suka buɗe makaranta. A Habasha kuwa, Haile Gebrselassie na cikin waɗanda suka assasa babban tseren Addis Ababa a 2001, wanda dubun dubatar jama'a ke shiga duk shekara.

Mai karatu zai lura cewa dukkansu abin da suka gina shi ne wanda zai ci gaba da aiki ko bayan ransu, wato makaranta, sansanin horo, ko gasar da ake jira duk shekara. Rabon shinkafa da atamfa ranar salla alheri ne, amma kwana biyu an manta.

Mai yiwuwa wani ya ce ai Kano ba ta da irin waɗannan gwanaye, kuma ba mu da tsaunuka irin na Kenya da ke ƙara wa ɗan tsere juriya. Gaskiya ne dogon zango na son tudu, amma gajeren zango ba ruwansa da wannan. Maƙwabciyarmu Nijar ta fitar da Aminatou Seyni, wadda ta zo ta huɗu a tseren mita 200 a gasar duniya ta 2022. Batun komawa gida kuwa, muna da misali a nan Kano, domin Ahmed Musa, wanda ya yi tashe a Kano Pillars, ya buɗe cibiyar wasanni a Hotoro a 2017. Abin da ya rage shi ne a tuna da guje-guje, wasan da ya fi kowane araha, tunda ba ya bukatar ƙwallo ko raga.

Ba za mu samu gwanin da zai dawo ya taimaka ba sai mun fara renonsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gasar guje-guje ta makarantun firamare da sakandare ta ja baya ƙwarai, filayen makarantu da dama kuma an yanka su an yi shaguna. Attajiran kasuwar Ƙofar Ruwa, da masu unguwanni, da tsofaffin malaman wasanni, suna iya haɗa hannu da Ƙaramar Hukumar Dala su kafa tseren shekara-shekara tsakanin unguwanni, a sanya kyautar ta zama kuɗin makaranta ko jarin sana'a, a kuma tanadi tsarin da ya dace da 'yan mata. Yaron da zai fito atisaye bayan sallar asuba ba zai kwana a majalisar 'yan ƙwaya ba.

Idan har samarin da suka saba ɗaukar bindiga sun yarda sun yi tsere da abokan gaba, babu dalilin da zai hana namu ajiye gora da wuƙa. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.