Sabuwar manhajar firamare: Yaya za ta kaya a Sakajiki da ƙauyukan Ƙauran Namoda?

Gab da fara zangon karatu na 2025/2026, Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu ta makarantun firamare da sakandare, wadda hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta shirya.

Hukumomi sun ce an yi hakan ne domin rage wa yara yawan darussa da kuma koya musu abin da zai amfane su a rayuwa.

Sai dai Abuja daban, Sakajiki daban. A wannan gari na Ƙaramar Hukumar Ƙauran Namoda, da makwabtansa na Shinkafi da Zurmi a arewacin Jihar Zamfara, tambayar da ke gaban iyaye ita ce: me yaron aji huɗu zuwa shida zai fita da shi a kansa?

Me ake koyarwa a aji huɗu zuwa shida?

Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, karatun dole ya zama shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Aji huɗu zuwa shida su ne tsakiyar wannan tafiya.

A sabon tsarin, ɗan wannan mataki zai yi Turanci da Lissafi da harshen gida ɗaya, wanda a nan Hausa ce. Akwai Kimiyya da Fasaha, da motsa jiki da kiwon lafiya, da ilimin addini, da darasin zamantakewa da zama ɗan ƙasa nagari.

Sai kuma Tarihin Najeriya, da al'adu da zane-zane, da share fagen sana'a, da ilimin kwamfuta. Larabci da Faransanci kuwa zaɓi ne.

Darussan sun haura goma. A makarantar karkara da malami ɗaya kan riƙe aji biyu, wannan ba ƙaramin kaya ba ne.

Aji huɗu, mararrabar harshe

Shekaru da dama tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi a koyar da yaro da harshen uwa a aji ɗaya zuwa uku, sannan a koma Turanci daga aji huɗu.

A 2022, zamanin Minista Adamu Adamu, aka ce harshen uwa ya ci gaba har aji shida. A Nuwamban 2025 kuma Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce a koyar da Turanci tun daga tushe.

Ko wane tsari aka bi, matsalar yaron ƙauye ɗaya ce. Ba ya jin Turanci a gida, ba ya ji a kasuwa, ba ya ji a masallaci. Idan ya shigo aji huɗu bai iya haɗa baƙi ya karanta jimla ba, littafin Kimiyya zai zame masa bango. Zai kwafi abin da ke kan allo tsaf, amma bai san me ya rubuta ba.

Zamfara na da abin koyi a nan. Shirin RANA da UNICEF ta gudanar a Katsina da Zamfara da tallafin Birtaniya ya koyar da karatu da lissafi cikin Hausa a ƙananan azuzuwa. Hikimarsa ita ce wanda ya iya karatu da harshensa ya fi saurin kama na wani. Irin wannan kulawa manyan azuzuwan ma suna buƙatarta, musamman ga yaran da aka ciyar gaba ba su iya karatu ba.

Rashin tsaro ya cinye shekaru

A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe. A farkon Satumbar shekarar aka sake sace ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya.

Sakajiki ma ta sha hare-haren 'yan bindiga, haka Zurmi da Shinkafi. Duk lokacin da iyali suka yi gudun hijira, karatun yaro ya tsaya cak.

An tsara manhajar ne kamar hawan tsani. Yaron da ya rasa zango biyu a aji uku zai tarar da rabawa da ɓangarorin lamba a aji biyar alhali bai ƙware a ninkawa ba. Daga nan sai ya fara zama a bayan aji, sai fashi, sai gona ko talla.

A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, aka shiga gyaran makarantu. Gini abu ne mai kyau, amma malamin da zai yarda ya kwana a ƙauye shi ne ƙashin bayan aikin.

Ayyukan bayan darasi

Abin da yakan sa yaro ya so makaranta ba koyaushe yake kan allo ba. Muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo da gasar guje-guje tsakanin gidaje da faretin Ranar Yara ta 27 ga Mayu, su ne abubuwan da tsofaffin ɗalibai suka fi tunawa. Yawancinsu ba sa buƙatar lantarki.

Gonar makaranta ita ce ɗakin gwaji mafi araha a ƙasar gero da dawa da gyaɗa. Yaran da suka auna kunya, suka ƙirga tsiro, suka kwatanta layin da aka sa wa taki da wanda ba a sa wa ba, sun yi Lissafi da Kimiyya da noma a zama ɗaya.

Tarihi ma yana bakin ƙofa. Ƙauran Namoda ta samo sunanta daga Namoda, jarumin Alibawa da ke cikin jagororin yaƙin da ya ci Alƙalawa a 1808. Layin dogo daga Zariya ya iso garin a 1929, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga. Dattijon da aka gayyato ya ba da labarin zamanin jirgin ƙasa zai bar wa yara abin da ba za su manta ba.

A darasin al'adu kuwa, yankin da ya haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali ba zai rasa abin koyarwa ba. Ga tatsuniya da karin magana, ga langa da carafke da dara.

Yara da yawa suna zuwa Islamiyya ko makarantar allo da yamma, saboda haka dole a tsara lokacin waɗannan ayyuka da shawarar malaman can. Yaron da ya saba tsayawa gaban jama'a a musabaƙar Alƙur'ani ba zai ji tsoron muhawara ba.

Ilimin kwamfuta ne ya fi wuya, domin makarantun karkara da dama ba su da wuta balle na'ura. Amma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan Ƙauran Namoda, kuma idan hanya ta yi lafiya, ziyarar yini ɗaya za ta sa yaro ya taɓa kwamfuta da hannunsa.

Abin da iyaye za su iya yi

Ƙarshen aji shida shi ne inda ake rabuwa. Wasu su zauna jarrabawar shiga sakandare ta jiha, wasu ta hukumar NECO domin kwalejojin tarayya, wasu kuma, musamman 'yan mata, karatun ya tsaya nan.

Ba sai uba ya yi boko ba kafin ya sa ido. Ya miƙa wa ɗansa na aji biyar takardar Hausa ya ce ya karanta masa da ƙarfi. Ya ba shi lissafin cinikin buhun gero ya gani.

Idan yaron ya kasa, akwai kwamitin kula da makaranta na al'umma, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Can ne ake kai ƙorafin rashin malami ko littafi, kuma ya fi tasiri idan iyaye suka je tare da mai gari, tun yaron bai kai aji shida ba.