Filin Jama'a: Yadda Yake Salwanta da Yadda Ake Tsare Shi

Wannan takarda an rubuta ta ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Abin da za ta bayyana shi ne yadda filin da kowa ke amfani da shi yakan fita daga hannun jama'a, da abin da ya wajaba a yi tun abin bai auku ba.

Labarin wani filin wasa

Akwai wani wasa da ake kira ƙwallon lambu, watau golf a bakin Turawa. Ana bugun 'yar ƙwallo da sanda har a jefa ta cikin rami, cikakken fili kuwa ramuka 18 gare shi, yakan ci hekta 50 ko fiye. Wasan nan ba na ƙauyukanmu ba ne, amma labarin filinsa ya shafe mu.

Filin da ya fi kowane suna yana garin St Andrews a ƙasar Sikotlan. Tun a 1552 aka rubuta takarda mai tabbatar wa mutanen garin ikon yin wasa a wurin. A 1797 bashi ya yi wa majalisar garin yawa, sai ta sayar da filin, ya faɗa hannun masu kiwon zomaye. Zomaye suka haƙe shi, wasa ya ɓaci, aka shiga shari'a shekara da shekaru. Ba a huta ba sai 1821, sa'ad da wani mai ƙasa, James Cheape, ya saye shi ya bar wa 'yan wasa. Sai a 1894 doka ta komar da shi hannun garin. Yau ran Lahadi akan dakatar da wasa, kowa ya shiga ya sha iska.

A lura da abu biyu. Sayarwa rana ɗaya aka yi ta, amma komowa sai da ta ci shekara 97. Abin da mutanen garin suka riƙe a gaban alƙalai kuwa, haƙƙinsu ne da ke rubuce.

Abin da ya faru a Kano

A watan Yuni na 2023 Gwamnatin Jihar Kano ta rushe kantunan da aka gina a Filin Sukuwa da kuma gefen filin Idi na Ƙofar Mata, ta ce filayen na jama'a ne. 'Yan kasuwar filin Idi suka kai ƙara. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sulhunta a kan biliyan 3. Raba gardama ba aikin wannan takarda ba ne. Darasin dai shi ne, in an riga an yi gini a fili, ko an bar shi ko an rushe, lalle sai wani ya yi hasara.

Darasin Bakolori

Mutanen wannan yanki sun san nauyin maganar ƙasa fiye da kowa. Da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, manoma suka yi ta kuka a kan diyya da rabon gonaki. Kukan bai sami amsar da ta gamshe su ba, suka tare hanyoyi. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka shiga, aka yi hasarar rayuka, sunan Birnin Tudu kuwa yana cikin wannan labari har yau. Maganar da ba a daidaita ta a zaure ba, a kan hanya takan ƙare.

Abin da doka ta ce

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Filayen birni shi ke ba da su, na karkara kuwa ƙaramar hukuma. Ikon ba da fili ba ya hannun hakimi ko dagaci. Har wa yau dokar ta yarda a karɓi fili saboda amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da aka gina ne ko aka shuka. To, filin Idi da dandali da filin ƙwallon samari da burtali duk fetal suke, saboda haka su ne idon mai neman fili ke fara faɗawa a kai. Na kowa ne, shi ya sa kowa ke tsammanin wani ne zai tsare shi.

Abin da ake bukata ga hakimai da malamansu

1. Malamin hakimi ya buɗe littafi na musamman. Ya rubuta kowane filin jama'a da ke ƙasar, da tsawonsa da faɗinsa, da maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa, da abin da ake yi a cikinsa.

2. A zaga iyakar tare da dagaci da masu unguwa da liman da sarkin noma da ardo, kowa ya sa hannu. A kafa turakun siminti, ko a dasa dogon yaro a kusurwoyi.

3. A aika da kwafe ga ƙaramar hukuma da majalisar Sarki, domin in ɗaya ya ɓata a sami wani.

4. Kowace shekara kafin shuka a sake zagawa, gama da garma ake cin iyaka, kunya ɗaya bana, biyu baɗi.

5. Wanda ya roƙi aron gefen fili domin rumfa ko ajiyar bulo, a rubuta ranar da zai tashi. Rumfar kara ita ke zama kanti.

6. In hukuma na bukatar filin domin makaranta ko asibiti, a tara jama'a a gaya musu tun ba a kawo ma'auni ba, a kuma nuna musu inda za a musanya.

Ana roƙon kowane hakimi ya karanta wa dagatansa wannan takarda a zamansu na gaba, ya kuma sa ranar da za a fara zagayen. Tun ran gini, ran zane.