Mai raɗa a tsakiyar Kantin Kwari

A shagunan waya na Titin Beirut, daf da Titin Ibrahim Taiwo a Kano, mai saye kan tambayi kyamara da batir. Da wuya ya tambayi wata fasaha da ke cikin iPhone tun 2019, wadda ake kira UWB. Ita ce ke zana kibiya a fuskar waya, ta nuna inda ɗan maɓallin gano kaya na AirTag yake, har ta faɗi tazararsa.

Wayar na harba gajerun sigina a faɗin megahaz 500, ta auna lokacin da suka ɗauka kafin amsa ta dawo. Siginar na cin santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, don haka jinkiri kaɗan ya isa ya karkatar da kibiyar.

Tun da hukumar FCC ta Amurka ta halatta fasahar a 2002, tsakanin gigahaz 3.1 da 10.6, ta ƙayyade mata ƙarfi ƙasa sosai don kada ta dami maƙwabta. Wato mai raɗa ce a tsakiyar kasuwa, duk wanda ya ɗaga murya kusa da ita sai ya shafe ta.

Ana iya zargin 5G da shafe ta. Amma zangon da MTN da Mafab suka saya a Disamba 2021 na gigahaz 3.5 ne, wayoyi kuwa suna UWB ɗinsu a 6.5 da 8. Abokin karon gaske shi ne sabon Wi-Fi 6E, wanda zangonsa ya hau kan tashar 6.5. A 2024 hukumar NCC ta sanar da shirin buɗe zangon gigahaz 6 ga Wi-Fi, abin farin ciki ga masu intanet. Sai dai idan na'urar Wi-Fi 6E na aiki a kusa, saƙonnin UWB kan zube, nisan da take kaiwa ya ragu.

Ga kuma Kantin Kwari kanta: ƙofofin ƙarfe, bangon siminti, cunkoson jama'a. Ɗan kasuwar da ya cusa AirTag cikin dilar atamfa zai ga kibiya na rawa, domin jikin mutum na tare siginar, ƙarfe kuma na mayar da ita ta kewayo.

Tashar gigahaz 8 ta fi tsira, tunda Wi-Fi bai kai can ba. Ya kamata masu shigo da na'urori Kano su riƙa duba ko kayansu na aiki a kanta kafin su yi oda.