TSOHUWAR BINDIGA DA AKA SAKE WA GURBI: GARGAƊI GA JAMA'A

Kowace ƙaramar bindiga tana da harsashin da aka ƙera ta dominsa. A gindin bututun fistol akwai wani ɗan ɗaki inda harsashi yake kwanciya kafin a ja kunama, shi ne ake kira gurbi. A libarba kuwa, guraben suna cikin gangar nan mai juyawa. Ma'aikatar da ta ƙera bindiga takan buga lambar harsashinta a jikin ƙarfen. Amma lambar nan tana shaidar yadda bindigar take ne a ranar da ta bar ma'aikata. In wani ya sake huda gurbin daga baya, lambar tana nan yadda take, tana faɗin abin da ba shi ne ba.

Yadda Abin Ya Samo Asali

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojan Ingila suka yi ta sayar da tsofaffin libarbobinsu, 'yan kasuwa suka kai da yawa Amurka. Da suka ga harsashin Ingila yana wuyar samu a can, sai suka sa maƙera suka gyara bindigogin don su ɗauki na Amurka.

Alal misali, libarba Webley Mark VI, wadda soja suka fara riƙewa a 1915, an yi ta ne domin harsashi mai lamba .455. Sai aka riƙa kankare bayan gangarta don ta karɓi harsashi .45 ACP. To, sa'ad da albarushin .455 ya tashi, iyakar matsin da yake yi wa ƙarfe kamar laba 13,000 ne a kan kowane murabba'in inci, na .45 ACP kuwa yakan kai laba 21,000. Watau an ɗora wa tsohon ƙarfe kayan da ya fi ƙarfinsa. Yana iya jurewa har wani lokaci, amma ranar da ya gaji, gangar fashewa za ta yi a hannun mai harbi, ɓaraguzan ƙarfe su nufi yatsunsa da idanunsa da na wanda ke kusa da shi.

Haka kuma aka yi wa libarbobin Smith & Wesson da Amurka ta ba Ingila lokacin yaƙi. An ƙera su domin harsashi .38 S&W, gajere mai kauri, daga baya aka zurfafa gurabensu don su ɗauki .38 Special, wanda ya fi shi tsawo amma bai kai shi kauri ba. Saboda haka kwanson yakan sami sarari a gefe, ya kumbura, wani lokaci har ya tsage.

Alamun Da Ake Dubawa

Da fari, a gwama lambar da ke jikin bututu da wadda ke jikin bindigar. Bututun fistol abu ne da ake cirewa a sa wani, ana kuma sayar da tsoho shi kaɗai, don haka lambobin biyu suna iya saɓawa. Na biyu, a dubi inda aka goge rubutu, ko aka buga sabuwar lamba a kan tsohuwa. Webley da aka kankare, sau da yawa akan ga lambobin da ke gefen gangarta an yanke su ta baya. Na uku, in an sami kwanson da aka taɓa harbawa da bindigar, a dube shi. Kwanson da ya kumbura ko ya tsage shaida ne cewa gurbi da harsashi ba su dace ba.

Shigar harsashi cikin gurbi ba hujja ba ce. Harsasai da yawa suna kama da juna a ido, ƙarfinsu kuwa ya sha bamban. Wannan ne ya sa a 1916, da sojan Jamus suka sa aka yi musu fistol Mauser C96 mai harsashin milimita 9, aka sassaƙa babbar lamba 9 a marikinta aka shafa mata jan launi, kada soja ya ɗura mata harsashin milimita 7.63 bisa kuskure.

Hanyar Tabbatarwa

Ido ba ya isa ya yanke hukunci. Gwanin maƙerin bindiga yakan zuba narkakken ƙarfe mai laushi cikin gurbin, in ya daskare ya zaro shi ya auna tsawonsa da kaurinsa. A Ingila akwai gidajen jarraba bindiga biyu, na Landan da na Birmingham wanda aka kafa a 1813. A can akan harba bindiga da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi. Bisa dokarsu, bindigar da aka sake wa gurbi ta fita daga hatiminta na dā, laifi ne a sayar da ita sai an sake jarraba ta.

A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe fistol ko libarba ba tare da lasisi ba. Wanda ya tsinci irin wannan bindiga, ko ya tarar da ita cikin kayan gado, kada ya gwada ta, ya sanar da 'yan sanda. Ma'aikacin da aka danƙa wa bindiga bisa doka kuwa, in ya yi shakkar gurbinta, lalle ne ya mayar da ita ga mai kula da makamai a auna ta tun bai sa mata harsashi ba.